Gandun kakanmu

Jiya na je gida na zauna da Baffa, shi kaɗai ya rage cikin 'ya'yan kakanmu, sai ya hau ba ni labarin gandu. Wai a zamaninsu mutum sama da 40 ne a gidan, tukunya ɗaya, da asuba kowa ya saɓa fartanya a bi bayan tsoho ba mai cewa uffan. Da ya rasu aka raba gona kashi 7, mu jikoki kuwa abin da ya iso mu ko buhun taki bai cinyewa, wasu ma sun sayar.

Ya nuna min tsamiyar kan iyaka ya ce "ɗana, nan ubanka ya sare ƙafa da gatari yana yaro." Wallahi sai jiya na san asalin tabon nan, shekara 6 bayan rasuwarsa. Allah ya jiƙan su.