Godiya bayan an kwance sirdi

Alhamdulillahi. An tashi gasar polo lafiya, baƙi sun kama hanya, ni ma na dawo gida da kyamarata da ƙafafuna biyu. Jikina duk ya yi tsami, amma barci ba zai ɗauke ni ba sai na sauke nauyin godiyar nan.

Kun san yadda neman katin shiga filin nan ya kaya, ba sai na maimaita ba. Mai hoton biki da suna irina, ba gidan jarida a bayansa, ba katin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ a aljihu, kafin a rataya masa izinin tsayawa a bakin fili sai ya sha zirga-zirga. Ban ga laifin masu tsarin ba, wuri ne da doki ke gudu da gaske, dole su san wa suka bari ya matso. Oga, kai da ka buga mini hatimi a wasiƙa alhali hotunana na Hawan Daushe kawai ka gani, ka ce kada in ambace ka. Ka yi haƙuri, ba zan iya shiru ba. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Yaya, filin nan tsawonsa yadi 300 ne, ba don dogon gilashin kyamarar da ka ara mini ba da ƙura kawai zan ɗauko. Allah ya bar zumunci.

Sai Baba mai kula da dawaki.

Ranar wasan ƙarshe ina durƙushe, idona na cikin kyamara ina bin ƙwallo. Duk mai hoto ya san gilashin nan nesa yake jawo maka, abin da ke gefenka ba ka ganinsa. Ashe mahaya biyu sun haɗa kafaɗa suna ture juna, dawakan suka tsallako katakon gefen fili suka yo kaina. Ban gan su ba, ƙasa kawai na ji tana rawa a gwiwata. Sai wani hannu ya damƙi wuyan rigata ya fizge ni baya, kofato ya sauka daidai inda jakata take. Wallahi salati ma kasa fita ya yi daga bakina.

Ashe Baba ne, ko faɗa bai yi mini ba. Da hannu ɗaya yana riƙe da linzamin dokin da za a canza, da ɗayan ya miƙo mini gorar ruwansa, hannun duk kanta da ƙurar dusa. Ya ce, "Sha, yaro. Ido ɗaya a na'ura, ɗaya a doki." Ya zaunar da ni kusa da turke har kyarma ta sake ni. Shi ya fahimtar da ni cewa kowane zagaye minti 7 ne sannan a sauya dawaki, kuma duk ƙwallon da aka ci sai a juya gefe, don haka in daina guje-guje, wasan zai zo inda nake. Yana goge wa doki gumi yana ba ni labarin Sarkin Katsina Usman Nagogo, da mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko da ya kafa wasan a Katsina. Katin da ke wuyana ya shigar da ni filin, amma dattijon nan ne ya fito da ni.

Baba, Allah ya tsare ka kamar yadda ka tsare ni. Allah ya kai ka Makka, ya jiƙan iyayenka, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Inna, addu'arki ce ta riga kofaton nan isowa. Uwargida, na gode da haƙuri da fitar asuba da dawowar dare. Su kawu da na tura wa saƙo lokacin da abu ya yi tsanani, waɗanda suka ce bin dawaki ba sana'a ba ce, na san kowa da uzurinsa. Na dai so a ce ko waya ɗaya na samu.

Hotuna na nan tafe, ku ba ni in huta tukuna. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya maimaita mana baɗi da rai da lafiya. Amin.