Robobin da na bari aka zubar ranar ɗaura bamba

Har yanzu idan na tuna hawan nan sai raina ya ɓaci. Na ɗauko kaya a bayan a-kori-kurata, ina kuma jan ƙaramar tirela, hanyar da na sha bi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kai tsakiyar tudun na ji mota ta yi laushi. Na taka totur har ƙasa, inji yana gurnani, fanka tana ruri kamar za ta fito daga bonet, amma gudu sai raguwa yake. Wurin da nake wucewa a giya ta huɗu ba tare da na ji komai ba, ranar sai da ta sauko ta uku, tana kuma neman ta biyu. Babu fitilar gargaɗi ko ɗaya da ta kama. Allurar zafin ruwa tana tsakiya daram, ba ta motsa ba.

Sati uku kenan da na ɗaura mata bambar ƙarfe, kuma ko kaɗan zuciyata ba ta kawo min cewa abin yana da alaƙa ba.

Bambar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙarfe mai kauri, da winci, wato na'urar jan mota da igiya, a tsakiya, da doguwar fitila da aka shimfiɗa a ƙasan ragar gaba, sannan bakin iskar da ke ƙasa an rufe shi da faranti mai ƙananan huji don tsakuwa kada ta riƙa dukan intakula, wato na'urar da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji. Dalilina na sa ta bai canza ba har yau: ina bin hanyar daji, kuma bambar roba ba ta jure ko karon kututture. Aikin ɗaurawar ya tafi lafiya. Abu ɗaya ne ya faru a ƙarshe, wanda bai ɗauki minti ɗaya ba. Mai aikin ya nuno min wasu baƙaƙen robobi huɗu da ya ciro daga bayan tsohuwar bambar, biyu na gefe, ɗaya na sama, da wani mai faɗi na ƙarƙashi, ya ce, "Oga, waɗannan ba su da wurin zama a sabuwar. In ajiye maka ne?" Na dube su a ƙasa, duk ƙura, wani ma kunnensa ya karye. Na ce masa ya zubar kawai.

Wannan kalma ita ta ci min wata biyu da kuɗin da ban so in sake lissafawa.

Da motar ta fara laushi sai na bi hanyar da kowa yake bi. Na canza matatar iska, na canza ta mai. Aka buɗe bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji aka wanke shi tas. Aka canza tamostat duk da ba ta yi laifin komai ba. Kullum idan na fito daga gareji da safe sai in ji mota garau, in ce an gano, domin a cikin gari ba kaya ba hawa ba ta taɓa nuna komai. Sai an ɗora mata nauyi, rana ta take, an yi minti biyar ana hawa, sannan ta fara. Har aka kai ga wani bakanike ya ce turbo, mai matsa iska cikin inji, ita ce ta fara gajiya, in shirya sayen wata. Na kusa amincewa, wallahi. Abin da ya hana ni shi ne babu hayaƙi, babu ƙarar fito, kuma bututun turbon ba ya jiƙe da mai fiye da yadda na san shi.

Sai na sayi 'yar na'urar nan da ake cusawa a kafar OBD, wato kafar binciken kwamfutar mota da ke ƙarƙashin sitiyari, tana turo bayanan inji cikin waya. A nan ma na ɓata kwana huɗu, saboda na zaɓi zafin iskar shiga na farko da na gani a jerin, yana ta nuna min adadi kusa da zafin waje, na ce to iska ba ta da matsala. Ashe wannan yana karanta iskar da ke bakin matatar ne, tun kafin ta shiga turbo. Motata tana da na biyu, wanda ke bayan intakula, daf da inda iskar za ta faɗa inji. Shi ne mai maganar. Duk wanda zai yi wannan gwaji ya tabbatar wanne yake kallo. In ka taka totur a hawa adadin bai ko girgiza ba, ba shi ba ne.

Na koma tudun da kayan nan. Zafin waje digiri 34. A shimfiɗaɗɗiyar hanya na biyun yana wajen 50. Muna fara hawa ya soma tashi, 65, 75, ya wuce 85, kuma daidai nan na ji ƙafata ta daina samun amsa. Na ga abin da idona: adadin yana hawa, ƙarfin mota yana sauka.

Turbo matse iska take yi, kuma iska in an matse ta zafi take ɗauka. Idan aka ninka matsin iska sau biyu a ranar da zafin waje yake digiri 30, tana fitowa daga turbo da zafi wajen digiri 120. A injin dizal da ke aiki da ƙarfi a hawa, matsin ya fi haka, zafin ma ya fi haka. Aikin intakula shi ne ta ƙwace yawancin zafin nan kafin iskar ta shiga inji, kuma ba ta da abin yin aikin sai iskar waje da ke ratsa haƙoranta. Iska mai zafi ba ta da nauyi: duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke shiga silinda. Wannan kaɗai ba zai sa mota ta yi laushi irin wanda na ji ba. Sauran aikin kwamfutar motar ce, da ta ga zafin ya haura iyakar da aka sa mata sai ta rage mai da matsin turbo don ta kare inji. A injin fetur kuma tana jinkirta wutar fulogi don kada ya riƙa ƙwanƙwasa. Ba ta kunna maka fitila, domin a wurinta babu abin da ya lalace. Allurar zafin ruwa kuwa, a motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya ko da zafin ya ɗan hau ko ya sauka, sai abin ya yi nisa take motsi. Na'urar ta nuna min ruwan ma ya fi yadda ya saba, domin lagireto tana bayan intakula ne da kwandensar esi, duk iska ɗaya suke rabawa.

Daga nan na tsai da shawarar in cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tudu ɗaya, kaya ɗaya, lokaci ɗaya na rana. Na tabbata a raina fitilar ce, don ita ce a shimfiɗe gaban komai. Na kwance ta. Zafin ya sauka da kamar digiri biyar. Na cire farantin hujin, ya ƙara sauka da takwas ko tara, mota ta ɗan farfaɗo, amma har yanzu adadin yana can sama da inda ya kamata, alhali gaban motar a buɗe yake wangale, kana hango intakular daga nesa.

Na tsuguna gabanta da tocila ina dubawa, sai na lura hannuna yana shiga ta gefen intakular har gwiwar hannu, dama da hagu. Ta ƙasa kuma ina ganin ƙasa sosai. Nan take robobin nan suka faɗo min a rai. Na yanko kwali, na toshe gefe da gefe da sama, na liƙe da salatif mai ƙarfi, na yi wani na ƙarƙashi daga bakin bamba zuwa gindin lagireto. Kwali fa. Na hau tudun, adadin ya tsaya a 62, kuma motar ta wuce a giya ta huɗu kamar da.

Na ajiye mota a gefen hanya na daɗe a zaune. Farin ciki ne da takaici a haɗe.

Iska ba ta ratsa intakula don kawai ta same ta a gaba. Haƙoran nan matsattsu ne, suna tare ta, kuma in ta sami wata kafa mai sauƙi a gefe nan za ta bi. Robobin gefe da na sama su ne ke killace ta, su tara matsi a fuskar intakular har ta rasa mafita sai ta ciki. Na ƙarƙashin yana da aiki biyu, kuma shi na fi rainawa. Yana hana iskar zurarewa ta ƙasa, yana kuma hana wadda ke bin ƙarƙashin mota hawowa ta cika ɗakin inji daga baya. In matsi ya taru a bayan lagireto, ta gaba ba ta da inda za ta. Ni na buɗe mata ƙofa huɗu na gudu, sannan na kawo faranti da fitila na tsuke ƙofar shiga. Kuma a hawa da kaya, lokacin da turbo ta fi zafi, shi ne lokacin da gudu ya fi raguwa, iskar gaba ta fi rauni, domin ƙarfin bugunta yana tafiya ne da gudu sau gudu: ka rage gudu rabi, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Farantin ma na auna shi daga baya. Huji milimita 5, tazara daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan milimita 8. Da aka buga lissafi, kusan kashi 35 cikin 100 ne kawai a buɗe, sauran duk ƙarfe. A ido sai ka ga huji ne ko'ina. Ragar waya mai kafa milimita 10 da kaurin waya milimita ɗaya da rabi tana barin kusan kashi 75, kuma tana tare tsakuwar da za ta iya huda intakula. Ita na sa yanzu. Ban yarda a bar wurin tsirara ba, don haƙoran alminiyom ɗin nan ko ɗan dutse ya same su sai sun lanƙwashe.

Ba kowace a-kori-kura ce za ta ji abin kamar tawa ba, ya danganta da inda intakularta take. Hilux ta da, mai injin dizal lita 3 da turbo, tata tana saman inji ne, tana shan iska ta kafar da ke kan bonet, don haka bamba ba ta tsaya mata kai tsaye, ko da yake lagireto tana nan a gaba. A wadda ta fito daga 2015 an dawo da intakular gaba. Ford F-150 mai injin EcoBoost kuwa tata tana can ƙasa, daidai bayan bakin bamba, wurin da winci da allon lamba suka fi son zama. Kafin ka biya kuɗin bamba, tsuguna ka ga inda taka take, ka ɗora hoton sabuwar a kai a zuciyarka.

Gyaran ya ɗauki lokaci saboda robobin ba kayan da ake ajiyewa a kanti ba ne, ba mai neman su. Na yi odar na gefe da na sama, na jira sati biyar, da suka zo kuma sai da aka datse su da wuƙa kafin su zauna da ƙafafun sabuwar bambar. Aikin da bai fi awa ɗaya ba, wanda da an yi shi da na asalin tun ranar farko. Na ƙarƙashin aka lanƙwasa min shi da fallen alminiyom, aka bi bakinsa da roba mai laushi don kada a bar kafa. Fitilar ta koma saman bamba, nesa da bakin iska. Akwatin wutar wincin aka mayar da shi cikin ɗakin inji, allon lamba aka ɗaga shi. Wincin kansa yana nan, yana tare wani ɓangare na ƙasan intakular, kuma na san ina biyan digiri huɗu ko biyar a kansa. Wannan na yarda da shi, don na san abin da nake saye da su.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne man giya. Da aka zo canza shi bayan duk wannan, ya fito ya yi duhu yana ƙauri, alhali bai kai rabin wa'adinsa ba, domin na'urar sanyaya shi ma a layin iskar nan take, kuma wata biyu ina jan kaya da ita a haka. An canza, giyar tana shiga lafiya, amma duk lokacin da ta ɗan yi jinkiri a hawa sai gabana ya faɗi, in kai ido kan wayar. Jiya na sake bin tudun da kaya, zafin waje 36, adadin ya kai 64 ya tsaya.