Saƙon Godiya Bayan Dawowar Hajiya Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, Hajiyarmu ta koma ɗakinta a Unguwar Sanusi, aikin gyaran gidan da ya hana mu sakat tun tsakiyar damina kuma ya kammala. Waɗanda suka bi mu tun daga karayar da ta samu a ƙugu har zuwa tiyata da zaman jinya sun san yadda aka yi, don haka ba zan maimaita ba. Gajiya ce ta sa godiyar nan ta yi jinkiri, ina roƙon a yi mini uzuri.

Abin da har yanzu yake hana ni barci idan na tuna shi ne ƙofar banɗaki. Ciki take buɗewa, Hajiya kuwa a bayanta ta zame ta faɗi, jikinta ya tokare ta. Muna tsaye a waje muna jin salatinta, ba mu da ikon turawa don gudun kada mu ƙara mata rauni. A cikin ruwan saman daren nan maƙwabcinmu kafinta ya fito da guduma da kurfi, ya shiga ɓanɓare ƙofar tare da katakon da ke riƙe da ita, yana aiki yana cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, kada ki motsa, ga mu nan mun kusa." Muryarsa ce ta kwantar mata da hankali a lokacin da mu 'ya'yanta muka kasa cewa komai. Ya roƙe ni kada in ambace shi, kuma na san ba a saba tallata irin wannan alheri ba, amma duk mutanen layinmu sun san kafinta ɗaya muke da shi. Allah ya buɗe masa ƙofofin rahama, ya jiƙan mahaifansa, ya raya masa zuriya.

Shi ne kuma ya fara ba da shawarar cewa sabuwar ƙofar ta riƙa buɗewa waje, a sa mata sakatar da za a iya zarewa ta baya idan bukata ta taso. Jami'ar gashin ƙashi da ke duba Hajiya ta ƙara mana da cewa faɗinta ya kai ƙafa 3, wato kusan santimita 90, domin tsohuwar mai ƙafa biyu da rabi ba za ta bar keken marasa lafiya ya shige cikin sauƙi ba. Wannan baiwar Allah ta zauna da mu kafin a ba da sallama, ta ɗauki biro ta zana mana banɗakin a bayan takarda, alhali ba ya cikin aikin da ake biyanta dominsa. Da shawararta aka cire masai na tsuguno aka sa na zama mai ɗan tudu, aka kuma fasa tayil mai sheƙin da ya jawo mana wannan jarrabawa aka shimfiɗa mai kaushi. A nan ina so in yi wa 'yan uwana na Kaduna nasiha, domin mun ɗauki tayil mai santsi a matsayin ado har muna sa shi a banɗaki da baranda, wuraren da ruwa ba ya rabuwa da su. Gidan da akwai tsoho ko mai juna biyu bai kamata a yi haka ba.

Birkilan da ya yi mana gangaren ƙofar zaure ya cancanci godiya ta musamman. Matakalar da ke wurin tsayinta inci 10 ne, ƙa'idar kuwa ita ce kowane inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawo, ke nan sai gangaren ya kai ƙafa 10. An ba da shawarar a gajarta shi saboda tsadar siminti, ya ƙi, ya ce gangare mai tsini ya fi matakala haɗari, domin keke zai iya ƙwace wa mai turawa. Kafin simintin ya bushe ya bi samansa da tsintsiya don ya yi kaushi, sannan ya yi mako guda yana biyowa da safe ya zuba masa ruwa kafin ya wuce wurin aikinsa. Dokin ƙofar ɗakin Hajiya, wanda aka ɗaga tun asali don tare ruwan damina, shi ma an sauke shi, aka haƙa 'yar kwata a gabansa aka rufe ta da ragar ƙarfe. Ruwan watan Satumba ya gwada ta, bai shiga ɗaki ba. Yanzu har buhun shinkafa da tukunyar gas a baro ake shigo da su tsakar gida.

Mai waldar da muka samo a Tsohuwar Panteka bai yarda ya kafa ƙarafunan riƙewa da ƙiyasi ba. Sai da Hajiya ta dawo ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, miƙa hannunki inda ya fi miki daɗi," ya sa alli ya yi alama a bango, sannan ya huda har cikin bulo ya ɗaure da noti, don ƙarfen da aka maƙala a tayil kaɗai ba ya ɗaukar nauyin mutum. Kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa, ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida. Tare da mai gyaran famfo suka haɗa mata wurin alwala, da dakalin zama da famfo mai hannu wanda ake ɗagawa ba sai an murɗa ba, aka kuma sa ƙwan sola a hanyar banɗakin saboda dare idan an ɗauke wuta. Ranar da ta yi alwala da kanta ba tare da an riƙe mata buta ba, ta yi kuka, ta daɗe tana sa musu albarka.

Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, da limaminmu da jama'ar masallaci da suka haɗa gudummawar siminti, da matan unguwa da suka riƙa aiko da abinci lokacin da ƙura ta hana a ɗora tukunya, da matata da ƙanwata da suka raba kwanan asibiti a tsakaninsu. Akwai 'yan uwa na jini da ke cikin garin nan waɗanda Hajiya ta yi ta tambaya ko sun zo, muna ce mata suna hanya. Ba mu riƙe kowa a zuci ba, sai dai zumunci a ƙafa yake, kuma har yanzu tana tambaya.

Ya Allah, duk wanda ya taimaka mana da kuɗinsa ko ƙarfinsa ko addu'arsa, ka saka masa da mafificin alheri, ka ba marasa lafiyarsa lafiya, ka sa 'ya'yansa su ji ƙansa ranar da ƙarfinsa ya ƙare, ka gina masa gida a Aljanna Firdausi. Ka ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana mai albarka, ka sa wannan ciwo ya zama kaffara a gare ta. Amin. Masu son zuwa dubiya su daure su zo bayan sallar La'asar, domin da safe ake yi mata gashi, bayansa kuma tana bukatar hutu.