16 ga Satumba, ranar Waliyyi Siprian

Ruwan asuba ya hana mutane fitowa, mu ƴan kaɗan ne a coci. Fada ya fito da jan kaya, sai na tuna yau ranar masu shahada ce, Paparoma Korneliyus da Siprian, bishop na Kartaj, can ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu.

Bayan an tashi na tsaya taya Baba Katikis kwashe littattafan waƙa, nan gardama ta ɓarke. Shi dai bai huce da Siprian ba. A shekarar 250, da sarkin Rum Desiyus ya ce kowa ya yi wa gumaka hadaya a ba shi takardar shaida, Siprian ɓuya ya yi, yana tafiyar da dayosis ɗinsa ta wasiƙu. Baba ya ce, "Ƴata, makiyayi da gudu? To tumakin fa?"

Na ce, "Baba, ai ku ma lokacin rikici kun kai su Mama gida kafin ku dawo." Ya yi dariya, ya ce shi ba bishop ba ne.

Ni abin da ya fi kama ni shi ne bayan ƙura ta lafa. Mutane da yawa sun yi hadayar, wasu kuma sun sayi takardar da kuɗi ba tare da sun yi ba. Duk suka dawo ƙofar ikilisiya suna neman a karɓe su. Wasu suka ce a buɗe kawai, wasu suka ce har abada. A taron bishop-bishop na 251 a Kartaj aka bi tsakiya, a karɓe su amma sai sun yi tuba gwargwadon laifinsu. A ganina wanda ya taɓa ɗanɗana tsoro ne zai iya yanke irin wannan hukunci. Kuma da aka sake zuwa kansa a zamanin sarki Baleriyan bai gusa ba. Aka kore shi gari a 257, aka sare kansa ranar 14 ga Satumba 258, bayan ya sa a ba haunin zinariya 25.

Da rana makaranta, gyaran jarrabawa, ciwon kai. NEPA ba su kawo wuta ba sai magariba.

Da dare na ɗan bi tarihin dayosis ɗin Kartaj a waya. Larabawa sun ci Kartaj a 698, Kiristocin wurin suka yi ta raguwa har kujerar bishop ta zama babu kowa. Paparoma Leo na 13 ya farfaɗo da ita a 1884 ya ɗora Kadinal Labijeri, sannan a 1964 ta koma suna kawai, Tunis ta gaji aikin. Babban cocin da aka gina a kan tudun Birsa na Kartaj ma an daina sujada a ciki, ya koma zauren kaɗe-kaɗe. Kaduna kuwa sai 1959 ta zama babban dayosis, jaririya ce a gaban wannan.

Na tura wa Baba saƙo a kan zinariyar nan. Ya amsa cewa ya sani tun ban zo duniya ba, kuma har yanzu maganar gudun tana nan.