Aikin da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙafa

Shagona yana cikin birnin Kano, ba nisa da Ƙofar Wambai, kuma takalman fata muke yi: buɗaɗɗu na maza su ne ƙarfin cinikinmu, sau-ciki sai an ba da oda, idan kasuwa ta yi sanyi kuma mu taɓa jakunkuna da gafaka. Dukanci ba gadona ba ne. Mahaifina ɗan koli ne, ina gama firamare ya kama hannuna ya kai ni wurin wani baduku amininsa, ya ce masa, "Malam, ga ɗanka nan, ka koya masa abin da zai riƙe kansa." Na daɗe a wurin ina shara, ina ɗebo ruwa, ina shafa gam, kafin a yarda in riƙe wuƙa.

Mutane da yawa suna zaton takalmi a kan keken ɗinki yake farawa. A majema yake farawa. Duk wanda ya taɓa bi ta Majema da hantsi ya san warin wurin tun kafin ya hango ramukan. A can ake jiƙa ɗanyar fata ta yi laushi, a tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, a shimfiɗa ta a kankare gashi da sauran nama da wuƙa. Daga nan a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabara don ta saki jiki, sannan a kai ta ruwan bagaruwa da aka daka. Bagaruwar ce ke mayar da fata abin da ba ya ruɓewa. Bayan haka sai shafa mai, sai shanya, sai murza da ja har ta yi taushi. Idan ja ake so a rina da karan dafi, idan baƙi ake so a sa kuloko. Majemi yana wuni a tsaye cikin ruwa, hannunsa ya canza launi, bayansa ya ƙage. A da can akwai masu raina majema da dukawa, har a hana su aure a wasu gidaje, kuma har yau ban daina jin ciwon wannan ba. Mai raina majemi da aikin majemi yake taka ƙasa, da shi yake rufe Alƙur'aninsa, da shi ake yi wa dokin sarki ado ranar hawa.

Fatar da muka fi so ita ce ta jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke kiwon irinta a yankin Maraɗi. Fuskarta lafiyayya ce, ga laushi ga ƙarfi. Ita ce ayarin raƙuma suka riƙa ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka a ƙarnukan da suka wuce, daga can ta shiga Turai ana ɗauka ta Maroko ce. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa bayan tufafi, takalma ne babban abin da masu sana'ar Kano ke yi ana fita da shi nesa, kuma jajayen fatu suna kaiwa har Tarabulus. Kasuwar Kurmi, da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har gobe tana da layin 'yan fata.

Samun fata mai kyau a yau wahala ce mai zaman kanta. Manyan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna kwashe zaɓaɓɓiya su gyara su tura Italiya da Sifen. Fatar saniya kuwa, masu ganda sun riga mu, tukunya tana biyan abin da baduku ba zai iya biya ba. Sai kuma fiɗa. Da Babbar Sallah fata tana yawa, amma mai fiɗar da ke sauri don ya kai gida na gaba yakan tsaga ta da bakin wuƙa wuri uku ko huɗu, ko a jefar da ita a rana ba gishiri har ta fara lalacewa. Shi ya sa ba na aiken yaro sayen fata. Da kaina nake zuwa, in ɗaga kowace ɗaya in duba ta a hasken rana.

A shago, kafin a yanka sai an karanta fatar. Gadon baya ya fi ƙarfi, shi ake ba fuskar takalmi. Wajen ciki yana miƙewa, sai dai a yi shafi da shi. Idan ka yanka maɗauri ta inda fata ke miƙewa, mako biyu takalmin zai yi wa mai shi yawa. Bayan yanka sai a fere bakin fatar ya yi siriri don ya ninku ba tudu, kada ya ci ƙafar mutum. Sai a ɗora a kan ƙafar katako a ja a daidaita. Sai a gurje sol, wato tafin da ke taka ƙasa, da ƙasan takalmin su yi kaushi, a shafa gam a kowane ɓangare, a ajiye su su sha iska har gam ɗin ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a buge da guduma. Ƙarshe a tsaga 'yar hanya a jikin sol, a bi ta da basilla da zare mai kakin zuma, ɗinki bayan ɗinki, a rufe.

Duk abin da na lissafa ɗin nan, mai saye ba ya ganin ko ɗaya. Launi yake gani, da ƙyalli, da yadda takalmin ya zauna masa. Takalmin da aka yi wa ɗinkin ƙasa da wanda aka manna kawai, a kan tebur kamar tagwaye suke. Nan ne sana'ar take gwada mutum, musamman a goman ƙarshe na azumi, lokacin da 'yan sari ke tsaye a bakin ƙofa suna jiran dozin-dozin, yara ga yunwa ga barci, wutar lantarki kuma ta ɗauke. Wani yarona, mai hannu ne ƙwarai, ya taɓa ce mini a irin wannan dare, "Maigida, wannan gam ɗin ai ya kama, mu bar ɗinkin mana, wa zai sani?" Na ce masa ya tuna wanda zai sa shi. Mutum ne da zai yi alwala sau biyar a rana ruwa na zuba a kan takalmin, ya taka kwaltar Kano a watan Afrilu da tsakar rana, ya buga babur da shi, damina ta zo ya ratsa kwata. Ruwa da zafi ba sa barin gam. Zare ne kawai ke riƙe sol idan gam ya gaji. Muka zauna tare muka ɗinke su har aka kira assalatu.

Ba zan ce wa kowa wahala kullum tana biya da kuɗi ba, don na ga inda ba ta biya ba. Shekarar 2023 ta girgiza mu. Da farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, ciniki ya tsaya cak. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, janareta ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. Naira ta faɗi, gam da sol da zare da ƙarafunan maɗauri, waɗanda yawancinsu daga waje ake kawo su, suka yi tashin gwauron zabi. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe iyaka, 'yan sarinmu na Maraɗi da Damagaram suka daina zuwa, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Ga takalman roba na Sin da suka cika kasuwa, suna ƙyalli kamar fata, a rabin kuɗin namu ko ƙasa da haka. Akwai dukawan da suka fi ni gwaninta da suka rufe shago suka koma tuƙa Adaidaita Sahu. Ban ga laifinsu ba, mai iyali ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo.

Abin da ya riƙe ni wani daɗi ne da ban san yadda zan auna shi da naira ba. Ranar Juma'a idan na fito daga masallaci, idona yakan faɗa kan takalman da aka jera a bakin ƙofa, kuma ina gane nawa ko a cikin ɗari, ta yadda nake juya ɗinki a wajen babban yatsa. Wani ya sha jiki, fatar ta yi duhu, ta ɗauki siffar ƙafar mai shi, amma bai buɗe baki ba. Ban san mutumin ba, shi ma bai san ni ba, ga shi aikina yana ɗauke da shi shekara da shekaru. Akwai wani dattijo malamin makaranta da ke dawo mini da nasa duk lokacin da dunduniya ta cinye, kullum ta gefen waje take cinyewa saboda yadda yake tafiya. Yakan ce, "Ɗana, a sake masa ƙasa, saman nan bai gaji ba." Kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba, amma duk ranar da ya zo da farin ciki nake wuni.

Malamanmu suna yawan kawo hadisin da ke cewa babu wanda ya ci abinci mafi alheri kamar wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci. Na ji shi tun ina yaro, amma sai da na fara ciyar da iyali da basilla na san nauyinsa. Gajiyar da nake komawa gida da ita, kafaɗa na ciwo, yatsu sun yi kanta, gajiya ce da ke kawo barci mai daɗi, don babu wanda zai tare ni a hanya ya ce na cuce shi.

Yaron nan da ya so mu bar ɗinki ya daɗe da yayewa, yana da shagonsa da nasa yaran. Kwanaki ya kawo mini wani sau-ciki da ya yi, ya durƙusa ya ce, "Baba, a duba mini." Na juya shi, na buɗe tsagar sol da farce, na tarar da zaren a jere, babu inda ya tsallake. Na sa masa albarka, na kuma nuna masa inda zai ƙara fere fatar a wajen dunduniya.

Yanzu iyaye suna kawo mini yara, wasu ma da takardar sakandare, wasu sun gama babbar makaranta aiki bai samu ba. Ina karɓa gwargwadon wurin zama, da sharaɗin watannin farko fere da gurza da shafa gam ne kawai, kuma wanda ke makaranta ba zai bar ta ba. Muna zuba adashi da maƙwabtana 'yan sana'a. Idan ɗaukata ta zo, keken ɗinkin sol nake so in saya, ko da na hannu ne, don kafin azumi mai zuwa mu iya karɓar odar 'yan sari da yawa ba tare da yaran sun kwana suna huda roba da basilla ba.