Bashin gida na gwamnati, wa zai iya ɗauka a Abuja?

Jama'a duk mai cin albashin gwamnati ya san wannan NHF ɗin, wato Asusun Gidaje na Ƙasa, da ake yanka masa kowane wata, kashi 2.5 cikin ɗari, tun dokar 1992 ake yi, kuɗin na tafiya Bankin Bada Lamunin Gidaje na Tarayya wato FMBN. Alkawarin shi ne in ka yi wata shida kana zubi ka cancanci bashin sayen gida da ruwa kashi 6 kacal, ka biya a hankali har shekara 30. Gaskiya ba laifi, in ka duba cewa bankin kasuwa sai ya caje ka sama da kashi 20.

Kuma sun ƙara sassautawa. A 2022 hukumar fansho PenCom ta yarda mutum ya ciri kashi 25 na kuɗin fanshonsa ya biya kafin alƙalami, wanda da shi ne ke kayar da mutane tun a bakin ƙofa. A Fabrairun 2024 Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana nan bayan Gwarinpa. To madalla.

Amma mu zauna mu yi lissafi. Bashin miliyan 10 a kashi 6 na shekara 30, biyan wata ya kusa dubu 60, kuma ƙa'ida ba za a cire maka fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, kenan sai kana ɗaukar wajen dubu 180 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. Sannan ina gidan miliyan 10 a Abuja? Ko Kubwa da Lugbe ba ka isa ba, sai dai ka nausa can bayan Kuje ko Gwagwalada, ko ka tsallaka Nasarawa wajen Masaka ka dinga kwana a go-slow ɗin Nyanya da Mararaba. Shekara 30 ɗin ma ta yaro ce, wanda ya kai 45 saura masa 15 ya yi ritaya, sai a matse masa biyan cikin waɗannan, kuɗin wata ya haura dubu 80.

Abin da ya fi ci min rai kuma takarda ce. Banki ba ya karɓar fili jingina sai da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, alhali yawancin mutanenmu a hannun mai unguwa suka sayi nasu. Akwai wani abokin aikina da ya yi shekaru yana zubi, ya ɗauko takardarsa a leda, ƴar yarjejeniya ce da biro, sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, har ya kai an yi mata laminatin don kar ruwa ya taɓa. Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya ce "Alhaji ka yi haƙuri, wannan ba ta shiga fayil." Yanzu bulo yake saye ɗari ɗari duk ƙarshen wata.

Ga kuma maganar riba, wato kuɗin ruwa. Da yawa cikinmu ko kashi 1 aka ce ba za su taɓa ba, sun gwammace su mutu a haya. Bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJBank suna da tsarin da ba ruwa, banki ya sayi gidan ya sayar maka ko ya ba ka haya har ka mallaka, amma su ma sai sun ga albashin da zai ɗauka da takardar fili mai kyau, ai kasuwa suke yi.

Ni a ganina in gwamnati da gaske take, ta fara da sauƙaƙa C of O, ta kai titi da ruwa da wuta ƙauyukan gefen gari inda fili ke da araha, mutane za su gina da kansu ɗaki ɗaya ɗaya.