Ranar da Baba ya jefa fatsa a Bahar Maliya

Asabar, Jidda, bayan sallar isha'i.

Sau biyu na wanke hannu da lemun tsami amma har yanzu ƙarnin kifi bai bar ni ba, kuma in na rufe ido sai in ji gado yana rausayawa da ni kamar ina cikin jirgin ruwan. Kowa ya yi barci. Ni ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan yini tun yana da ɗumi.

Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, iyakata da teku bakin Kurnish. Mu shimfiɗa darduma, mu sha shayi, yara su kalli maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana cilla ruwa sama da mita 300, mu tattara mu koma gida. Ban taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba, alhali ni 'yar Argungu ce, mahaifina kuma da gora da koma ya girma.

Makon Baba uku ke nan da zuwa Umra. Tun da ya gama ibadarsa a Makka da Madina ya dawo wurinmu, zamansa ɗaya ne: kujerar bakin taga da carbi a hannu. Jikokinsa uku suna ƙaunarsa, amma Larabci ya fi zama a bakinsu. In ya ja su da wasa sai su ce «na'am, Kaka», su yi murmushi, su koma kan waya. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ni ce abin yake ci, don ina ganin kwanaki suna tafiya, jirginsa ranar Talata, kuma babu wanda ya san ko za a sake irin wannan haɗuwa.

Abban yara ne ya zo da shawarar. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin jiragen Abhur masu ɗaukar iyali zuwa kamun kifi, har waɗanda ba su taɓa riƙe ƙugiya ba. Awa huɗu ne, ba a nisa da gaɓa, kayan aiki duk nasu. Da farko na ƙi, saboda Auta shekararta shida kuma ba ta iya iyo ba. Sai da na sa ya kira mai jirgin a gabana ya tambaye shi abu uku: akwai rigar ceto daidai jikin yara, akwai rumfa, akwai banɗaki? Da aka ce duk akwai, na amince. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma yau na san ba a banza suka tafi ba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar arewa, tafiyar wajen kilomita 30. Abhur wani harshen teku ne da ya kutso cikin ƙasa, ruwansa kwance kamar tabki, dogon benen nan na Jidda da ake ta ginawa yana tsaye daga gefe. Mai jirgin dattijo ne, fatarsa duk rana ta gasa, kowa Rayyis yake ce masa. Da shi da yaronsa guda. Kafin a fita sai da aka bi ta wurin jami'an tsaron iyaka, aka duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, da fasfon Baba, aka ƙirga mu.

Rigar ceto ce ta fara kawo magana. Rayyis ya ɗaure wa kowane yaro tasa da hannunsa, ya ja igiyar ya tabbatar ta kama. Da ya miƙa wa Baba sai Baba ya ɗaga hannu: «Ni da aka haifa bakin gulbin Matan Fada? Ku ba yara.» Abban yara ba zai iya musu da surukinsa ba, ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi shiru. Rayyis ya juya wurin babban ɗana, mai shekara goma sha biyu, ya ce masa da Larabci ya gaya wa kakansa jirgi ba zai motsa ba sai kowa ya sa. Yaron ya yi ta laluben kalmomi, ya ce: «Kaka, ya ce... doka ce. Kowa da kowa. Har shi.» Baba ya dube shi, ya dubi Rayyis da ke sanye da tasa, ya karɓa ya sa. Tun daga nan yaron ya zama tafinta, ba wanda ya naɗa shi.

Da muka fita daga bakin Abhur launin ruwa ya sauya, daga kore-kore zuwa shuɗi mai duhu, jirgi ya fara hawa da sauka. Ba mu yi minti ashirin ba Rayyis ya rage gudu, yana kallon wata 'yar na'ura da ke nuna masa ƙasan ruwa. Ya zagaya har ya sami fili mai yashi a gefen duwatsun murjani sannan ya sa aka saki anka. Ya ce ba ya sakin ta kan murjani, don abin da ƙarfe ya farfasa cikin minti ɗaya shekaru yake ɗauka kafin ya sake tsirowa, kuma nan ne gidan kifin da yake ci da iyalinsa. Gine-ginen gari suna nan muna hango su, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Ruwan garau yake, har ƙasa kana gani, kifaye masu launi-launi suna kai da kawo. Baba ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce: «Wanga shi ne kifi na ganinka mai jar koma. Mu can cikin jan ruwa muke lalube.» Auta ta tsoma yatsa ta lasa ta ɓata fuska. Rayyis ya yi dariya ya ce tekun nan ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita inda sauran ke da 35, saboda babu kogi ko ɗaya da ke zuba cikinta duk shekara, ga zafin rana yana shanye ruwan. Da yaron ya fassara, Baba ya sa aka maimaita masa. Ruwa mai girman wannan, ba gulbin da ke ciyar da shi! Ya girgiza kai ya yi tasbihi.

Darasin bai da wuya. Ba sanda aka ba mu ba, zare ne mai ƙarfi naɗe a jikin faifan roba, da dalma a ƙarshensa da ƙugiya a ɗan sama. Abin da ake maƙalawa yankan habbar ne, wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa, namanta da tauri, ƙananan kifi ba sa saurin fizge shi. Ka saki zare har ka ji dalma ta taɓa ƙasa, ka ɗago kaɗan don kada ta maƙale a dutse, ka ɗora zaren kan ɗan yatsa ka jira. Abu ɗaya Rayyis ya nanata har sau uku: kada kowa ya naɗe zare a yatsa ko a hannu, don babban kifi in ya fizga zai yanka har ƙashi. Kuma duk abin da ya fito, yara kada su taɓa sai ya gani.

A nan ne abin da na fi so ya faru. Rayyis ya buɗe hannuwansa biyu ya ce a ɗago «ba'a» ɗaya. Yaron ya tsaya, bai san yadda zai faɗa ba. Baba ya buɗe nasa hannuwan ya ce: «Gaba. Gaba ɗaya kenan, abokina.» Yaron ya maimaita. Sai ya nuna ƙugiya, Baba ya faɗa masa sunanta. Ya nuna dalma, ya nuna zare. Kafin rana ta ɗaga ya koyi fatsa, koma, gora, masunci, Sarkin Ruwa, kalmomin da ban taɓa furtawa a gidana ba don babu abin da ya kawo su. Shi kuma yana koya wa kakansa sunayen kifin nan: sha'ur, hamur, najil, harid.

'Yata ta tsakiya ce ta fara kamu. Ta ƙwalla ƙara, yaron jirgin ya tsaya bayanta bai karɓe zaren ba, yana ce mata ta ja a hankali, hannu bayan hannu. Sha'ur ne mai tsinin baki, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Baba ya ce: «Amaryata ta ciyar da gida yau.» Ta gane, ta rufe fuska da mayafi.

Na Auta da ya fito sai ya kumbura kamar ƙwallo. Tun kafin Rayyis ya yi magana Baba ya ce: «Talibambam! Har nan kake?» Murnarsa kamar ya ga ɗan garinsu a tasha. Rayyis ya cire shi da filaya ya mai da shi ruwa, ya ce akwai guba a jikinsa, ba a ci. Haka ya yi da sijan guda da ya fito, sai da ya nuna wa yara ƙayoyin bayansa daga nesa, ya ce sukarsu tana da raɗaɗi sosai. Duk kifin da bai kai ba ma mayarwa yake yi, yara suna yi masa sai an jima.

Abban yara jiri ya kama shi tun awa ta farko. Rayyis ya zaunar da shi tsakiyar jirgi, ya ce ya kafa ido kan gaɓa ya daina kallon ƙasa. Na ba shi shayin citta da na zo da shi a fulas, ya ɗan samu sauƙi, amma bai sake riƙe zare ba.

Wajen ƙarfe tara wani abu mai nauyi ya ɗauki na Baba. Na ga kafaɗunsa sun miƙe, shekaru sun zube daga jikinsa. Ya yi abin da hannunsa ya saba da shi a gulbi: ya sakar wa kifin zare don ya gudu ya gaji. Rayyis ya yi ta ihu, yaron ma yana ihu, «Kaka ja, ja!», amma kafin a ankara zaren ya tsaya cak, sannan ya saki. Da aka jawo shi, ƙarshensa ya tsattsage kamar an goga a wuƙa. Rayyis ya yi bayani cewa kifin murjani ba nisa yake gudu ba, raminsa yake nufa, in ka ba shi gaba biyu ya shige, dutse kuma ya yanke zare. A nan farkon ja shi ne komai.

Na ji tsoron Baba zai ji nauyi a gaban jikoki da suruki. Shiru ya yi, yana murza guntun zaren tsakanin yatsu. Can ya ce wa yaron: «Gaya mishi ya sake nuna min. Kowane ruwa da malaminsa.» Mutum mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ya shiga Matan Fada a bikin kamun kifi tun ba a haife ni ba, ya tsaya yana kallon hannun wani yana koyo. Hawaye suka zo mini, na juya kamar ina gyara wa Auta hula.

Bai fi rabin awa ba aka sake ɗauka. Wannan karon bai ba shi ko taƙi ba. Ya ja da sauri, da ya tabbata ya raba shi da dutse sai ya kamo hannun jikansa ya ɗora kan zaren, suka ƙarasa tare. Najil ne, ja wur, da ɗige-ɗige shuɗɗa kamar an yi masa zane. Rayyis ya ce a kasuwar kifi ta Bangala babu wanda ake rububi kamarsa, ya sumbaci Baba a ka.

A hanyar komowa iska ta fara tashi, Rayyis ya ce shi ya sa yake fita da iyali da sassafe kawai. Baba ya tambayi ina yamma take, aka nuna masa. Ya ce wa yaran can ƙetare Sudan ce, kuma ƙanen kakansa da ƙafa ya bar gida zuwa Hajji, ya yi shekaru a hanya yana noma yana tara guzuri, har ya kai Sawakin inda mahajjatan ƙasarmu suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Daga nan ba a sake jin labarinsa ba. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, yara suka shafa tare da shi. Ban taɓa jin wannan labari ba sai yau.

Kifi tara muka kawo gida. Maƙwabciyata ta taya ni yin sayadiyya da sha'ur ɗin, shinkafar nan mai duhu da ake dafawa da soyayyar albasa. Najil kuwa Baba ya ce kada a ɓata shi da kayan ƙamshi, farfesu yake so da daddawa da barkono, shi ma ya feɗe shi da kansa a kicin, yaron na riƙe masa faranti yana tambayar sunan kowane sashe.

Ɗazu da na shiga kai masa ruwa na tarar da su biyu a kan darduma, Baba yana nuna masa yadda ake ɗaure ƙugiya da guntun zaren da dutse ya yanke, wanda ashe ya sa a aljihu. Yaron ya ce in tambayi Abbansu ko hutu mai zuwa za mu je Argungu. Da Hausa ya faɗa, tun daga farko har ƙarshe. Gobe in Allah ya kai mu zan fara haɗa wa Baba kayansa.